Kundin aikin kiyaye haɗurra a wata masana'antar roba a Sharaɗa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Alhaji, mai masana'antar, ya sa hannu a takardar da ta ɗora mini gyaran harkar kiyaye haɗurra a masana'antarmu, wa'adin wata shida. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki a nan, don na san akwai masu irin aikina a unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Bompai da Challawa, da ke fama da abin da nake fama da shi. Ba zan kama sunan kamfani ba, ba zan kama sunan kowa ba.

Roba muke sarrafawa: kujeru, bokitai, butoci, bahuna. Muna da injinan zubi masu narka roba su ɗura ta cikin mol, ƙarfen nan mai baki biyu da ke fitar da siffar kaya. Muna da injin niƙa, inda ake farfasa tsofaffin robobin da 'yan jari-bola ke kawowa. A wurinsa ne wani yaro ya rasa yatsu biyu a watan jiya. Roba ta maƙale, ya sa hannu zai zaro ta, wuƙaƙen ba su gama tsayawa ba. Dalilin da ya sa aka tuna da ofishina ke nan.

Na zagaya ko'ina. Bango cike yake da hotunan gargaɗi, wasu har sun koɗe. Sito cike yake da tabarau da takalma da abin toshe kunne, amma a kulle, mukulli yana aljihun mai sito, shi kuma ƙarfe biyar yake tashi, injinan kuwa ba sa tashi. Kowane injin zubi yana da ƙofa mai ɗan makunni a jikinta, wanda in ƙofar tana buɗe mol ba zai rufe ba. A layi guda na tarar an ɗaure makunnan da salatif. Wato injin ya ɗauka kullum ƙofa a rufe take, mutum kuwa yana ta zura hannu tsakanin ƙarafa biyu masu haɗuwa da ƙarfin ɗaruruwan tan.

A taron shugabannin sassa amsa biyu na samu: yaran ba sa jin magana, sannan abin da ya faru ƙaddara ce. Ban yi musu a kan ƙaddara ba. Amma salatif ɗin nan wani ne ya saye shi, wani ya ɗaura, foman kuma yana wucewa ta gabansa safe da yamma.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na bi dutin dare. Ban ɗauki takarda da biro ba, don da zarar sun ga ana rubutu bakin kowa yake mutuwa. A teburin mai shayi na bakin get aka fi sakin jiki da ni.

Ga yadda lissafin yake. Kowane mai tuƙa inji an yanka masa adadin kayan da zai fitar kafin ya tashi. In bai cika ba, a rage masa kuɗi. Foman kuma yana da ɗan ƙari idan layinsa ya wuce adadi. Buɗe ƙofa da rufe ta a kowane zubi yana cin 'yan daƙiƙoƙi, kuma in ka tara su cikin awa goma sha biyu sun zama bokitai masu yawa. Injin niƙa ya fi muni: ka kashe, ka jira ya tsaya cik, ka kwance murfi, ka cire abin da ya maƙale, ka mayar, ka tayar. Babu wanda ke cire wannan lokacin daga adadin da aka yanka maka. Saboda haka duk wanda ya bi ƙa'ida, daga aljihunsa yake biyan kuɗinta. Wani dattijo da ya daɗe a kan injin kujera ya dube ni ya ce, "Malam, kai ai albashinka ba ya raguwa in inji ya tsaya." Ban sami abin ce masa ba.

Su ma na sama ba da gangan suke matsawa ba. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar layin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, ga tsadar gas na janareta, ga mafi ƙarancin albashi da ya koma naira 70,000 a watan Yulin shekarar, duk mintin da hitar da ke narka roba ke cin wuta ba kaya na fita ana jin zafinsa a ofis. Alhaji ya tambayi manaja ina kaya, manaja ya tambayi foman ina kaya, foman ya juya kan yaro. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce a ɗaure makunni. Ba sai an faɗa ba. Yaro ya ga abin da ake ƙirgawa kullum, ya ga abin da ba a taɓa tambaya, ya gane wanne ne doka. Yaran suna da nasu laifin, ba na wanke su, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na sami ganin Alhaji shi kaɗai bayan La'asar. Na ba shi labarin Alcoa, kamfanin sarrafa ƙarfen alminiyam na Amurka. A 1987 Paul O'Neill ya karɓi shugabancinsa, kuma a jawabinsa na farko ga masu hannun jari, maimakon ya yi maganar riba, sai ya yi maganar raunukan ma'aikata. Ya kafa doka cewa duk wanda ya ji rauni, shugaban sashensa ya sanar da shi cikin awa 24, tare da abin da za a yi don kada a sake. Lokacin da ya zo, a cikin kowane ma'aikata 100 ana samun raunin da ke hana zuwa aiki 1.86 a shekara. Kafin ya tafi a 2000 abin ya sauko zuwa wajen 0.2.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan Amurka ce, su ba sa kwana da janareta."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Amma dokar awa 24 ba ta cin gas."

Abin da ya ja hankalina a dokar shi ne tilas da take yi wa na tsakiya. Kafin shugaban sashe ya iya sanar da na sama cikin kwana guda, dole manaja ya riƙa sauraron foman, foman ya riƙa sauraron yara. Magana ta koyi hawa sama. Na kuma ambata masa binciken wani masani, Dov Zohar, na 1980 a masana'antu 20 na Isra'ila, wanda ya nuna cewa daga cikin manyan abubuwan da ke bambanta masana'antar da ake kiyayewa da wadda ba a yi akwai yadda ma'aikata ke kallon shugabanninsu: da gaske suke yi, ko da baki ne kawai.

Abu uku na nema. Ya yarda duk rauni, komai ƙanƙantarsa, ya shiga wayarsa kafin kwana guda. Ya yarda ya riƙa zagaya cikin masana'anta da ƙafarsa duk Alhamis. Na uku, cire lokacin tsayar da inji daga adadin da ake yanka wa yara, ya ce a bari tukuna, akanta zai duba. Na ukun nan shi ne aikin gaba ɗaya, amma na karɓi biyun na yi godiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An sayo kwaɗuna daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai walda ya yi wa akwatin wutar kowane inji maratayi. Ƙa'ida: wanda zai sa hannu cikin inji shi zai kashe wuta, ya sa kwaɗonsa, mukulli a aljihunsa, ya danna makunnin tayarwa ya tabbatar bai tashi ba. An cire salatif duka. Kayan kariya sun bar sito, kowane layi ya sami akwatinsa a hannun foman.

Zagayen Alhaji na farko da babbar riga ya shigo, da takalmi sau-ciki, yana wucewa kusa da bel mai juyawa. Na ja shi gefe na roƙe shi. Wannan Alhamis ɗin da kaftani mai ɗamammen hannu ya zo, da takalmin aiki, ya toshe kunnensa kafin ya shiga wajen niƙa. Ban ce wa kowa komai ba, amma washegari akwatin abin toshe kunne na wannan sashen ya kusa ƙarewa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya shiga tun 1 ga wata. An sassauta dutin rana, an mayar da aikin niƙa da ɗaukar buhuna zuwa safiya, an ba da hutun buɗe baki na sosai maimakon mutum ya kurɓi ruwa yana tsaye a kan inji. Manaja bai yi gardama ba, shi ma yana azumin. Inda nake sa ido shi ne bayan sahur zuwa fitowar rana, lokacin da gyangyaɗi ke kama 'yan dare.

Rigimar makon nan ta ƙofar baya ce. Da dare ana sa mata sarƙa da kwaɗo daga waje, mukulli yana wurin maigadi a can bakin get. Dalili: sata. An taɓa fitar da buhunan ɗanyar roba ta nan, wannan gaskiya ne. Amma ginin nan cike yake da roba, hita kuma tana narka ta a zafin da ya haura digiri 200, kuma hayaƙin roba yana kayar da mutum tun wuta ba ta iso shi ba. Na tuna wa manaja gobarar wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas a watan Satumbar 2002, inda gomman 'yan dutin dare suka mutu a bayan ƙofofin da aka kulle. Na tuna masa abin da ya faru nan kusa da mu a Challawa a watan Yunin 2020, lokacin korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka rufe watanni a cikin wani kamfanin shinkafa. Na kuma buɗe masa Dokar Masana'antu, wadda aka yi a 1987 take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta faɗa ƙarara: muddin akwai mutum a ciki yana aiki, ba a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba.

Ya ce tarar nawa ce? Tambayar ta ba ni haushi, amma ta dace da halin da ake ciki, don tarar da ke cikin dokar da nairar wancan zamanin aka auna ta, jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago kuma ba su da yawan da za su leƙa kowace ƙofa da tsakar dare. In mai wuri bai ga dama ba, babu mai tilasta shi kafin a yi gawa.

Alhaji ne ya raba gardamar. An cire sarƙa, an sa sakata mai buɗuwa daga ciki da ƙararrawa mai kuka in an buɗe, an ƙara maigadi guda a wannan gefen. Kuɗin bai kai na mol guda ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wannan makon ne aka gwada mu.

Bayan Sallah wani babban dila ya yi odar kujeru masu yawa, motarsa tana tsaye a get tana jira. Daren Litinin kujera ta maƙale a mol. Yaron da ke kan injin, ɗan kwantiragi ne ma, wato cikin waɗanda ɗan kwangila ke kawo mana, bai fi wata huɗu da zuwa ba, ya kashe wuta ya sa kwaɗonsa kamar yadda aka koya masa. Foman ya ce ya cire, ai abin minti ɗaya ne. Yaron ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, sai na fito." Aka yi cacar baki. Layin bai cika adadi ba, motar ta ƙara kwana, da safe foman ya rubuta a rage wa yaron kuɗin rabin yini saboda taurin kai, manaja ya sa hannu.

Kafin azahar babu wanda bai ji labarin ba, kuma kowa ya zuba ido. Na san cewa in wannan takardar ta wuce, kwaɗunan nan sun zama kayan ado, kuma babu taron wayar da kai da zai dawo da su. Na tura wa Alhaji saƙo a ƙarƙashin dokar awa 24, ko da yake babu wanda ya ji rauni.

Yau da ya zo zagaye bai tsaya ofis ba. Ya wuce kai tsaye wurin injin, ya sa aka kira yaron, ya tambaye shi yadda aka yi a gaban mutane. Ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Sannan ya yi abin da ban zata ba, kuma a ganina ya fi mayar da kuɗin muhimmanci: bai ci mutuncin foman a gaban yaransa ba. Ya ja shi ofis. Daga baya foman ɗin da kansa ya gaya mini cewa ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ni ma ƙarin da nake samu a kan adadi yake. In inji ya tsaya ni ma na yi asara, kuma ni manaja zai kira." Alhaji ya yi shiru, ya ce ya ji.

Foman ba mugu ba ne. An ɗora masa umarni biyu masu karo da juna, ɗaya ana biyansa a kai, ɗaya ana liƙa shi a bango.

Litinin, 28 ga Afrilu

Yau ce ranar kiyaye lafiya a wurin aiki ta duniya, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke raya ta tun 2003. Manaja ya so a buga riguna da huluna a ɗauki hoto. Na roƙa a sayi fankokin bango da randunan ruwan sanyi da kuɗin, don zafin Kano a wannan watan yana haura digiri 40 a waje, balle kusa da hita ƙarƙashin kwano. An raba kuɗin biyu. An yi hoton.

Ya kuma taso da maganar neman shaidar ISO 45001, wato takardar shaida ta duniya kan tsarin kiyaye lafiya a wurin aiki, don wasu manyan masu saye suna tambaya. Ba na ƙi. Tsarin ya fito a 2018, kuma babinsa na biyar kacokan a kan shugabanci ne da shigar da ma'aikata cikin shawara. Amma takarda ita kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Masana'antar tufafin da ta ƙone a Karachi ta Pakistan a watan Satumbar 2012, mutum sama da 250 suka mutu, makonni kaɗan kafin nan ta karɓi takardar shaidar cika ƙa'idojin aiki. Na ce mu gyara wurin tukuna, takardar ta tarar da mu a gyare.

Sai maganar ƙara. Ma'aunin da cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta bayar shi ne desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa guda. A wajen niƙa sai ka ɗaga murya sosai kafin na kusa da kai ya ji ka, kuma mutane suna yin awa goma sha biyu a nan. Abin toshe kunne shi ne mataki na ƙarshe, wanda ake komawa gare shi in an rasa yadda za a yi da ƙarar kanta. Na rubuta a kewaye injin da bango, a kuma riƙa wasa wuƙaƙensa a kan lokaci, don dakusasshiyar wuƙa ta fi ƙara kuma ta fi sa roba maƙalewa.

Talata, 20 ga Mayu

Rahotannin rauni sun ƙaru, manaja ya tayar da hankalinsa, ya ce tun da na fara aikin nan abin sai gaba yake yi. Na baje masa takardun. Ƙuna ce a hannu, yanka a yatsa, zamewa a kan mai, da waɗanda saura ƙiris abu ya faru bai faru ba. Da ma ana yin su. Bambancin shi ne a da mutum yakan ɗaure da tsumma ya yi shiru don kada a ce ya koma gida ba kuɗin yini. Daga rahotannin ne muka gano wani tiyo mai yoyon mai da mutum uku suka zame a kansa a wuri ɗaya.

Na ɗauko maganar 'yan kwantiragi, waɗanda su ne suka fi yawa a wajen niƙa da lodi. Akanta yana ganin ba namu ba ne, na ɗan kwangilar da ya kawo su ne. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba ta ware su ba, ta haɗa da na wucin gadi da masu koyon aiki. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, kuma in an ji rauni ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Dokar Masana'antu ita ma ta ce raunin da ya hana mutum aiki fiye da kwana uku a sanar da jami'in duba masana'antu. An ce a jira Alhaji ya dawo, don jibi zai tashi zuwa aikin Hajji.

Laraba, 18 ga Yuni

Tafiyar Alhaji ta nuna mana inda muke. Zagayen Alhamis ya tsaya, manaja ya ce aiki ya yi masa yawa. Saƙonnin awa 24 suka koma taruwa a wayata. Gab da Babbar Sallah, da oda ta yi yawa, na tarar salatif ya dawo a injina biyu na dutin dare.

Amma ba ko'ina ba. Layin foman ɗin nan da aka yi rigimar Afrilu da shi bai koma ba, kwaɗunansa suna aiki. Na tambaye shi dalili, ya ce yaransa sun riga sun ga an mayar wa ɗan'uwansu kuɗi, yanzu ko ya ce su cire ba za su cire ba, shi ma kuma ya huta da fargabar a tashe shi da labarin hannun wani. Layin da ya koma kuwa sabon foman ne, an ɗauko shi daga wani wuri, ba wanda ya zaunar da shi, abin da aka nuna masa ranar farko allon adadi ne.

Duk abin da muka samu tun Fabrairu a jikin mutum ɗaya yake rataye. In yana gari a kiyaye, in ya yi tafiya a koma. Tsarin biyan kuɗi kuwa yana nan dare da rana, ba ya zuwa Hajji.

Talata, 8 ga Yuli

Alhaji ya dawo, mun je mun yi masa barka da sauka, kuma a makon da ya fara fitowa na kai masa hotunan salatif ɗin tare da na layin da bai koma ba. A wannan karon shi ya kira akanta da kansa.

Abin da aka amince a gwada na wata uku, daga albashin wannan watan: duk lokacin da aka tsayar da inji aka sa kwaɗo, foman ya rubuta lokacin farawa da na gamawa, mai gyara ya sa hannu, a cire shi daga adadin yaro da na layi. Ƙarin foman ya rabu biyu, rabi a kan kaya, rabi a kan abin da aka tarar a zagayen Alhamis. In Alhaji ba ya nan manaja ne zai zagaya, kuma an rubuta hakan cikin takardar aikinsa. Sabon foman ba zai karɓi layi ba sai ya yi mako guda tare da tsoho.

Akanta yana tsoron yara za su riƙa sa kwaɗo don su huta. Zai yiwu wasu su gwada. Mun yarda a riƙa duba littafin duk mako, injin da ya cika tsayawa a fara binciken injin kafin a zargi mai tuƙa shi.

An ƙara mini wa'adi zuwa ƙarshen shekara. Bangon injin niƙa yana jiran magini ya kawo farashi. Maganar rajistar 'yan kwantiragi an tura wa lauyan kamfani, ya ce a ba shi mako biyu. Gwajin fita daga gini idan gobara ta tashi, na 'yan dare, an sa shi Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu, kuma foman biyu kaɗai suka sani.